MATAR DA TA KOYI TURANCI DA GIRMANTA

Tun cikin shekarun 1950 a ke nuna wasannin kwaikwayo na ƙasar Indiya a gidajen sinima na Kano da sauran manyan garuruwan Arewa, har mutane suka saba da su ƙwarai. Galibinsu labarin soyayya ne, da rawa da waƙa, da faɗa tsakanin jarumi da mugu. Amma akwai wani guda da ya fita daban, wanda ya kamata duk wanda ya shiga aji da girmansa ya san labarinsa. Sunansa English Vinglish. Wata mata mai suna Gauri Shinde ita ta rubuta shi, ita ta shirya shi, shi ne kuwa dogon wasanta na fari. An fara nuna shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada cikin watan Satumba na 2012, sa'an nan aka sake shi ga jama'a ran 5 ga Oktoba na wannan shekara. Wadda ta fito a matsayin uwar labarin ita ce Sridevi, shahararriyar 'yar wasa wadda ta yi shekara 15 ba ta ja ragamar wani wasa ba kafin wannan. Ta rasu a Dubai cikin watan Fabrairu na 2018.

Sunan wasan kansa yana da ma'ana. Al'adar masu jin harshen Hindi ce su maimaita kalma su sauya harafinta na fari, in suna nufin abu da tarkacensa, ko kuwa in suna so su ɗan rage masa girma. Kamar dai a ce Turanci da su wane da wane. Gauri Shinde ta bayyana cewa mahaifiyarta ce dalilin rubuta labarin. Mace ce mai jin harshen Marathi, tana sana'ar haɗa kayan lambu masu tsami da yaji a gida, ba ta iya Turanci sosai ba, ita kuwa 'yar tana ƙarama ta kan ji kunyar haka. Saboda haka wasan neman gafara ne daga 'ya zuwa ga uwarta. Abin da ya ke bincike kuwa shi ne: mene ne mai koyon Turanci ya ke gani a zuciyarsa sa'ad da aka ce ya buɗe baki ya yi magana?

Ga yadda labarin ya ke. Shashi Godbole matar aure ce a birnin Pune, tana zaune da mijinta Satish, da 'ya'ya biyu, mace da namiji, da surukarta. Tana da sana'a. Ta kan yi wani abin zaƙi da a ke kira laddu, dunƙule-dunƙule kamar dakuwa, da garin wani irin wake da man shanu da sukari, ta kai gidajen masu saye. Kowa na yabon hannunta. Amma mijinta ma'aikacin ofis ne, 'yarta Sapna kuwa tana makarantar da a ke koyarwa da Turanci, su biyun sun mai da kuskuren Turancinta abin dariya. Ran da aka kira iyayen yara makaranta mijin ba shi da sukuni, sai ita ta tafi. Ta roƙi malamin su yi magana da Hindi, ya yarda da fara'a, har ya ce shi ma nasa Hindin ba shi da ƙarfi, suka fahimci juna sarai. Duk da haka a hanyar komawa gida yarinyar ta yi wa uwarta faɗa, wai ta kunyata ta a gaban mutane.

Ana nan sai 'yar'uwar Shashi da ke zaune a Amurka ta tashi aurar da 'yarta, aka tura Shashi ita kaɗai ta riga sauran zuwa birnin Niyu Yok don ta taya shirin biki. A can ta shiga wani ɗakin shan gahawa. Mai sayarwa ta yi ta jero mata tambayoyi da sauri, mutane na jira a bayanta, ta ruɗe ta kasa amsawa, aka yi ɓari, ta fita da gudu tana kuka. Bayan wannan ne ta nemi wata makaranta da ta ga tallarta a jikin motar bas, wai za a koya wa mutum magana da Turanci cikin mako huɗu. Ta ɗauki kuɗin da ta tara na laddu ta biya, ta shiga aji a ɓoye, ba wanda ya gane sai Radha, ƙanwar amarya. Ranar jarrabawa ta faɗo daidai da ranar ɗaurin aure, ba ta sami zuwa ba. A wurin walima aka ce ta yi wa ango da amarya jawabi. Mijinta ya miƙe zai ba da hanzari a madadinta, cewa Turancin matarsa bai kai ba. Ita kuwa ta dakatar da shi, ta tashi ta yi jawabin da Turanci, a hankali, tana tsayawa tana neman kalma. Malaminta yana wurin, domin Radha ta gayyato ajin duka, ya ce ta ci jarrabawa. Mijin da 'yar suka sunkuyar da kai don kunya.

Ba za a gane dalilin da ya sa yarinya ke jin kunyar uwarta a kan harshe ba sai an san matsayin Turanci a Indiya. A shekarar 1835 wani Bature mai suna Thomas Macaulay, ɗan majalisar Gwamna Janar, ya rubuta takardar shawara cewa kuɗin ilmi na gwamnati a kashe su wajen koyarwa da Turanci maimakon Sanskrit da Larabci, aka kuwa bi shawararsa. Ƙasar ta sami mulkin kai a 1947. Tsarin mulkinta na 1950 ya sa Hindi ya zama harshen gwamnatin tarayya, ya ba Turanci wa'adin shekara 15. Amma mutanen kudancin ƙasar, masu nasu harsuna kamar Tamil, ba su yarda a ɗora musu Hindi ba, saboda haka aka yi doka a 1963 wadda ta bar Turanci ya ci gaba da aiki bayan cikar wa'adin. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna kimanin mutum ɗaya ne cikin goma ya ce yana jin Turanci. To, harshen da kaɗan ke ji, alhali shi ne ƙofar babbar kotu da manyan makarantu da aikin kamfani, lalle ya zama alamar daraja. A gidan Shashi, mijin da 'yar suna cikin ɗayan nan, ita kuwa tana cikin taran.

Babban abin yabo ga wasan shi ne ya gane cewa mai koyo ba ya ɗaukar magana da Turanci kamar sauran darussa. Wanda ya yi kuskuren lissafi a takarda, shi da malaminsa kaɗai suka sani. Wanda ya yi kuskuren magana kuwa, duk mai kunne a wurin ya ji, ba kuma damar gogewa. Don haka mai koyo ya kan ga kamar mutuncinsa ne a ke aunawa duk sa'ad da ya buɗe baki. Shashi ba jahila ba ce. Tana karanta jaridar Hindi, tana lissafin cinikinta, tana riƙe da gida. Har Turancin ma tana jin wani abu a ciki. Amma da zarar an tsare ta da ido sai abin da ta sani ya gudu. Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1986 waɗansu malamai uku a Amurka, Elaine Horwitz da Michael Horwitz da Joann Cope, suka buga nazari a kan fargabar da ke kama masu koyon baƙon harshe a aji. Suka danganta ta da tsoron magana da mutane, da tsoron jarrabawa, da tsoron kada a raina mutum. Suka kuma lura cewa magana ita ce abin da ɗalibai suka fi kuka da shi. Abin da malaman nan suka rubuta a takarda, shi Gauri Shinde ta nuna a fuskar mace guda.

Wasan ya ƙara da wani abu da ba kasafai a ke faɗinsa ba, watau dariyar gida ta fi ta waje ciwo. Mai sayar da gahawa baƙuwa ce, ta yi tsawarta ta wuce, gobe ba za su sake gamuwa ba. Amma mijin da ke yabon laddun matarsa a gaban baƙi, sa'an nan ya ce ai don yin laddu aka haife ta, yana zaton yabo ya yi, shi kullum yana nan. Haka 'yar da ta goya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da a ce ba a riga an karya wa Shashi zuciya a gida ba, da tsawar baƙuwa ba ta sa ta kuka a bakin hanya ba. Mai kallo mai hankali zai ga cewa ɓarin da aka yi a Niyu Yok tun a Pune aka fara shi.

Ajin da ta shiga ya tara mutane iri iri, ko wanne da abin da ya ke tsammani Turanci zai ba shi. Akwai Eva, 'yar ƙasar Meksiko, mai rainon yaro a gidan Amurkawa, uwar yaron ta turo ta don ɗan ya fara kama harshen mai raino. Akwai Salman, direban tasi daga Pakistan, yana ganin in ya iya Turanci darajarsa za ta ƙaru har ya sami matar aure. Akwai Ramamurthy daga kudancin Indiya, gwanin aikin kwamfuta, abokan aikinsa na yi masa dariya saboda maganarsa. Akwai Yu Son 'yar ƙasar Sin mai gyaran gashi, da Laurent, kuku daga Faransa, da wani ɗan Afirka mai yawan shiru. Ba ko ɗaya cikinsu da ya zo don sha'awar littattafan Ingila. Ko wanne yana da sana'a a hannu, ya iya ta, abin da ya rasa shi ne a saurare shi. A wannan ajin ne malami ya ji Shashi na sayar da laddu, ya kira ta da kalmar Turanci da a ke kiran mai kafa sana'ar kansa. Ta fita tana maimaita kalmar a kan hanya cikin murna. Aikin bai sake ba, laddun jiya ne dai, amma an ba shi suna mai nauyi da harshe mai daraja, sai ita kanta ta fara ganin girmansa. Wannan wurin yana da daɗin kallo, yana kuma da ban tausayi.

Abin da ya sa bakinta ya buɗe a aji shi ne kowa a ciki mai kuskure ne, ba mai yi wa wani kallon raini. Akwai kuma wani wuri da ya tabbatar da haka. Wata rana ranta a ɓace, hankalinta na kan wani abu dabam, ta shiga ɗakin shan gahawa ta faɗi abin da ta ke so da Turanci tiryan-tiryan, ba ta ma lura ba sai daga baya. Ashe kalmomin suna nan, tsoro ne ya tare musu hanya. Sridevi ta yi gwaninta wajen nuna wannan. Yawancin aikinta a wasan da ido ta yi shi, da rawar leɓe, da yadda ta ke kama bakin mayafinta. Har wa yau akwai hirar da ta kan yi da Laurent, ita da Hindi shi da Faransanci, ba mai jin harshen wani, amma ko wanne ya sauke abin da ke ransa. Laurent ya so ta, ita kuwa ta tsaya a kan aurenta, ta gaya wa Radha cewa abin da ta ke bukata shi ne a girmama ta.

Duk da wannan yabo, wasan yana da aibi, ba kuwa daidai ba ne a rufe su.

Na fari shi ne maganar mako huɗu. Gaskiya ne jawabin Shashi na ƙarshe bai fita sumul ba, an bar shi da tuntuɓe da kuskure, wannan kuwa adalci ne. Amma duk da haka mai kallo zai tashi da zaton wata guda ya isa mutum ya tashi daga kasa sayen gahawa zuwa jawabi a gaban taro. Hukumar jarrabawar Turanci ta Jami'ar Kambirij ta ƙiyasta cewa mai farawa daga tushe yana bukatar kimanin sa'a 180 zuwa 200 na karatu da malami kafin ya iya 'yan maganganun yau da kullum, da kimanin sa'a 350 zuwa 400 kafin ya kai matsakaici. Ko da ana karatu sa'a 3 kullum, kwana 5 a mako, mako huɗu sa'a 60 ne kacal. Haɗarin irin wannan labari shi ne mai koyo ya yi wata uku bai ga abin da ya gani a sinima ba, ya ce kansa ne ba ya ja, ya bari. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya san yadda aka sha fama kafin baƙi da wasali su zauna. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, wasan da ke tsawata wa masu dariyar kuskuren Shashi, shi da kansa yana gayyatar mai kallo ya yi dariyar abokan karatunta. An ƙara wa lafazinsu gishiri, an mai da ko wanne hoton ƙasarsa kamar yadda masu ba'a ke zana ta. Ita kaɗai aka ba cikakken mutunci, sai kuwa Bafaranshen, wanda shi ma Bature ne. Wannan yana ƙarfafa wani ra'ayi da ke damun masu koyo ko'ina, cewa Turancin kirki sai wanda ya fita kamar na ɗan Ingila ko ɗan Amurka. Tarihi bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Joseph Conrad, wanda aka haifa a 1857, iyayensa mutanen Folan ne, bai taka ƙasar Ingila ba sai 1878, yana ma'aikacin jirgin ruwa mai shekara 20, da ɗan Turancin da bai taka kara ya karya ba. Ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan harshen, littafinsa Lord Jim ya fito a 1900, amma har ya rasu a 1924 duk wanda ya ji maganarsa ya san baƙo ne. David Crystal kuma, masanin harshe na Birtaniya, ya ƙiyasta a 2003 cewa masu magana da Turanci waɗanda suka koye shi koyo sun ninka waɗanda suka tashi da shi har sau uku. Ke nan direban Pakistan da mai rainon Meksiko su ne masu rinjaye, da junansu kuma za su fi yin magana. Abin nema ga mai koyo shi ne a gane abin da ya faɗa.

Na uku shi ne mafi nauyi. Wasan yana so ya ce darajar mutum ba ta rataya ga Turanci ba. Amma yaushe mijin Shashi da 'yarta suka gane darajarta? Sai da ta tashi ta yi Turanci. Shekara da shekaru tana dafa musu abinci, tana jinyarsu, tana nema da hannunta, duk bai sa sun sunkuyar da kai ba, sai jawabin 'yan mintoci. Ma'aunin da aka ce na zalunci ne, da shi ɗin dai aka auna ta, sai dai wannan karon ta cika mudu. To, ina labarin matan da ba su da 'yar'uwa a Amurka, ba su da kuɗin laddu da za su biya makaranta? Su ne tara cikin goma, mahaifiyar mai wasan ma tana cikinsu. A kansu wasan bai ce kome ba, ga shi kuwa dominsu aka yi shi.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa Gauri Shinde ta hangi wannan rami, ta yi ƙoƙarin kauce masa a wurare biyu. A ofishin neman izinin shiga Amurka, ma'aikaci ya tambayi Shashi yadda za ta yi a ƙasarsu ba Turanci, sai wani Ba'indiye da ke aiki a wurin ya tuna masa cewa shi ma yana zaune a Indiya ba Hindi. A ƙarshen wasan kuma, cikin jirgin sama na komawa gida, Shashi ta tambayi ma'aikaciyar jirgi da Turanci mai kyau ko akwai jaridar Hindi. Babu, ta kuwa haƙura ba tare da damuwa ba. Wannan ɗan wuri ya fi jawabin walima daraja. A walima ta yi Turanci don ta nuna wa waɗansu ta iya. A jirgi ta yi shi don biyan bukatarta, bukatar kuwa ita ce ta karanta harshenta. A nan ne Turanci ya sauka daga matsayin alƙali ya koma kayan aiki, kamar ludayi a hannun mai dafuwa. Da a ce wasan ya ba wannan tunani fili kamar yadda ya ba walima, da ya fi haka ƙarfi.

In an haɗa yabo da suka, English Vinglish wasa ne mai kyau wanda ya faɗi gaskiya game da ciwon, ya ɗan yi sassauci game da maganin. Ya nuna daidai yadda masu koyo ke kallon magana da Turanci: suna ɗokinta domin ƙofofin da ta ke buɗewa, suna tsoronta domin a bainar jama'a a ke yin ta. Wanda ya taɓa jin an yi masa dariya a asibiti ko a banki don ya musanya harafin "p" da "f", abin da ya kan sami Bahaushe domin harshensa bai raba su ba, zai gane Shashi tun kafin ta yi magana. Irin wannan mutum zai amfana da ganin cewa kuskure a bainar jama'a ba ya kisa, gemu kuma ba ya hana ilmi.

Amma waɗanda suka fi bukatar kallon wasan su ne masu zama a kujerar Satish da Sapna, watau mijin da ya yi boko matarsa ba ta yi ba, da ɗan da aka biya masa kuɗin makaranta da cinikin ƙosai ko fura, ya dawo yana gyara wa uwarsa lafazi a gaban abokansa. Su ne za su iya sauƙaƙa wa mai koyo rabin wahalarsa ba tare da sun kashe ko anini ba, in sun riƙe dariyarsu, suka jira ya gama maganarsa. Gauri Shinde sai da ta girma ta gane haka, ta nemi gafarar mahaifiyarta a gaban duniya. Mai kallon wasanta yana da damar ya gane tun da sauran lokaci.